Littafin Batula a Wajen Tsigar Gyaɗa

Batula 'yar kawuna ce, wato taubashiyata, don haka duk abin da zan faɗa a kanta a nan na riga na faɗa mata a gaban idonta, ta kuma rama. Ni sunana Umaima, ina da ɗan shagon buga takardu da kwamfuta a Gaya, kusa da tasha. Ita kuwa a Toranke take aure, cikin ƙasar Ajingi, sana'arta tuyar ƙuli-ƙuli da matsar man gyaɗa. Kakanninmu daga gabas suka zo suka zauna Ajingi tun kafin a haifi iyayenmu, abin da ya rage mana na can bai wuce sunaye da son turaren wuta ba.

Tun muna yara Batula ta iya shirya zance. In aka aike ta niƙa ta dawo a makare, sai ta tsaya a tsakar gida ta kawo labarin wata akuya da ta shiga motar Kano ta ƙi fita, ta yi muryar direba, ta yi muryar mai akuya, har mahaifinta, Kawu Bunu, ya manta abin da ya sa ya ɗauko tsumagiya. Ta gama sakandare a nan Gaya, ta auri Haruna, manomi, mutumin kirki wanda Allah bai koya wa bakinsa cewa a'a ba. 'Ya'ya suka zo, tuyar ƙuli ta kankama. Ni dai na ɗauka labaran nan sun bi hayaƙin murhu sun tafi.

Sai ga ta wata ranar Asabar a shagona da buhun leda. Na zaci ƙuli ta kawo min, har na miƙa hannu. Ashe litattafan rubutun 'yan makaranta ne, duk sun sha mai, wani shafin har kana hango na bayansa.

"Taubashiya, buga min wannan," in ji ta.

"Mene ne? Sunayen masu cin ƙulinki?"

"Ke dai buga. In kin gama kya san ko wace ce uwar ɗakinki."

Na fara bugawa ina tsaki, na ƙare ina share ido da gefen mayafi. Labarin wani mai amalanke ne, Sagiru, wanda ƙaninsa ya tafi ci-rani bai dawo ba, shi kuwa ya ɗaura wa bijimansa biyu amalanke ya bi sawunsa gari gari. Ta sa wa labarin suna Amalanken Sagiru. Da ta dawo karɓa na gaya mata gaskiya, na ce abin ya yi kyau ƙwarai.

Ta taɓe baki. "Ke ba kya cikin lissafi. In kin kushe, wasa ne. In kin yaba ma ban san ko wasan ne ba."

Na ji haushi, amma da gaskiyarta. Abin da Batula take nema shi ne mutum ɗaya wanda ba ya jin kunyarta, ba ya kuma yi mata kara, ya bi labarin nan daga farko har ƙarshe, ta ga abin da ya yi masa da idonta. Ba ta taɓa cewa tana son suna ba. Wannan kawai take so.

Aka kai Kano aka buga. Ranar da kwali biyu suka iso a saman motar Ajingi, an ɗaure su tare da buhunan taki, Batula ta zauna a ƙasa ta buɗe ɗaya tana shinshina takardar. Daga nan kuma aka fara ɓarna.

A wajenmu in alheri ya same ka, rabawa kake yi. An yi suna a raba nama, an dawo daga tafiya a raba tsaraba, wanda aka tsallake kuwa ba zai manta ba har abada. To haka Batula ta ɗauki littafinta. Kowane gida na dangi, na surukai, na maƙwabta, sai da aka kai kwafi ɗaya cikin sabuwar leda, da ƙullin ƙuli a kai. Na buga mata waya na ce, "Ke, littafi fa ba naman suna ba ne. Sayarwa ake yi."

Ta ce, "To in ban kai gidan Gwaggo ba, da wane ido zan kalle ta? In na kai na Gwaggo kuma na tsallake na Inna, kin san abin da zai biyo baya."

Haruna ya ce a bar masa harkar sayarwa. Ranar kasuwar Ajingi ya cika jaka ya ɗaura a bayan babur, da yamma ya dawo jaka wayam yana washe baki. Batula ta yi guɗa. Sai da ya sha ruwa ya huta sannan ya bayyana cewa ai kyauta ya bayar. Mai shayi abokinsa ne, mai faci tare suka yi makarantar allo, dillalin hatsi kuwa sahu ɗaya suke sallah, ta yaya zai buɗe baki ya ce su biya? Kwali ɗaya ya tafi ke nan.

Ni ma na yi nawa ƙoƙarin, kada a ce ina gefe ina dariya kawai. Na buɗe mata shafi a Fesbuk na ɗora hoton bangon. Jama'a suka yi ca: Masha Allah, Allah ya ƙara basira, muna alfahari da ke. Waɗanda suka fi kowa zumuɗi su ne masu cewa a turo musu ta waya kyauta. Na kai wasu kwafi wajen Bala mai sayar da litattafai a kasuwar Gaya, ya jera su a bakin rumfa inda rana take duka, har jan bangon ya koma ruwan ƙasa ba wanda ya ɗaga.

Amma a Toranke sai shigowa ake yi ana barka. Kowa ya zo sai ya ce littafi ya yi kyau, Allah ya sa albarka. Batula ta yi ta yawo a kan iska, har sai da ta fara zagayen godiya gida gida. A gidan Gwaggo ta tarar da littafin a saman bango, an naɗe shi da ƙyalle don kada yara su taɓa. A gidan Inna yana cikin kabet, an jingina shi a tsakanin farantan da ba a ci da su, fuskarsa na kallon ƙofa yadda duk baƙon da ya shigo zai gani. Ko ina ta je haka ne. An girmama shi iyakar girmamawa, ledar ma ba a kwance ba.

Ba ta ce wa kowa komai ba sai ranar wani biki a Kademi, ina zaune kusa da ita. Mata sun cika ɗaki, Hanne ƙanwar Haruna ta sake ɗauko zancen, tana gaya wa baƙi cewa matar yayanta marubuciya ce, littafin kuwa ba a magana.

Batula ta gyara zama ta ce, a hankali, "Hanne, yaya kika ji da mutuwar jakin nan?"

Hanne ta dafe ƙirji. "Wayyo jaki! Ai ni wajen nan ne ya fi taɓa ni. Bawan Allah."

Wata daga gefe ta karɓe. "Ni tun farkon littafin na san jakin nan ba zai kai labari ba."

Ta uku ta ce ita sai da ta kasa cin tuwo.

Babu jaki a littafin Batula. Ko kukansa babu. Na toshe baki da mayafi na fita waje, na jingina da bango na yi dariya har cikina ya ƙulle. Ita ma da ta fito ta yi dariyar, muka riƙe juna kamar za mu faɗi. Amma da muka shiga mota sai ta juya tana kallon gonaki ta taga. Can ta ce min ta yi nisa da rubuta labari na biyu, amma ta kwashe litattafan ta ajiye a gindin murhu, da su za ta riƙa hura wuta.

"Haba Batula."

"Ƙuli dai in na ba mutum na san ya ci," in ji ta. "Wannan kuwa wa nake yi wa?"

Raina ya ɓaci sosai, don na san in ta faɗi abu tana aikatawa, kuma na san abin da za a ƙona.

Abin da ya ceci litattafan shi ne kaka ta zo, aiki ya sha kanta, kuma akwai karan dawa ko ina, ba a bukatar takarda wajen hura wuta. Haruna ya cire gyaɗarsa aka tara a bayan gida. Yadda ake yi a Toranke, in gyaɗa ta bushe matan unguwa ne suke taruwa su tsige ta daga jikin harawa, yau a gidan wannan, gobe a gidan wancan, kowacce a ba ta ɗan rabonta. Aiki ne na zama, hannu yana yi baki yana yi, daga hantsi har la'asar a inuwar darbejiya.

Ana gobe za a fara, mai ya fallatso wa Batula a hannun dama wajen tuya. Aka naɗe hannun, ta zo ta zauna a cikin mata ba ta iya tsige ko ƙwaya ɗaya. Wannan ɓangaren ita ta ba ni labari ta waya, amma na tambayi wasu sun ce haka aka yi.

A cikin matan akwai wata tsohuwa, Iya Gaji, maƙwabciyarsu ta can ƙarshen layi. Ba dangin kowa ba ce a gidan, ba ta karatun boko, shi ya sa rabon littafi bai biyo ta kanta ba. Mace ce da ba a taɓa jin ta yabi miyar wani ba. Ta dubi Batula sama da ƙasa ta ce, "Ke mai hannun hutu, tunda ba kya tsiga, yi mana wani amfanin mana. Ɗauko takardar nan da aka ce kin rubuta, ki karanta mu ji ko da abin kirki a ciki."

Batula ta ce ta san in babu daɗi Iya Gaji ba za ta rufa mata asiri ba. Ta ɗauko. Ta fara karantawa, mata suna ta hirarsu ta tsadar taki ba wanda ya kula. Sai ta manta da kanta, ta koma Batular tsakar gidan Kawu Bunu: ta yi muryar Sagiru, ta yi muryar uwarsa tana hana shi tafiya, ta yi yadda yake lallashin bijimansa da sunayensu. Ba ta san lokacin da hira ta mutu ba. Abin da ta ji kawai shi ne ƙarar gyaɗa tana zuba a ƙwarya.

Aka kira la'asar daidai inda Sagiru ya shiga rafi da amalanke, ruwa ya kawo wa bijimai wuya. Batula ta rufe littafi ta miƙe, don ba ta ɗora tukunya ba. Ba dabara ba ce, Allah ya sani, girki ne kawai. Amma wajen ya kaure.

"Ke! Ina za ki?"

"Ya haye ko bai haye ba?"

Iya Gaji ta ce, "Ku bar ta ta tafi. Gobe in ba ta fito da wuri ba ni zan shiga in fito da ita."

Washegari matan da suka zo sun fi gyaɗar yawa. Har waɗanda suka saba cewa bayansu na ciwo sun zo da kujerunsu. Gyaɗar Haruna, wadda kullum ita ce ƙarshen gamawa a unguwa, ta ƙare tun maƙwabta ba su shirya ba, shi kuwa sai zagaye yake yi yana murmushi kamar shi ya rubuta. Da aiki ya koma gida na gaba, maigidan da kansa ya aiko a tambayi Haruna ko zai bar mai karatu ta zo. Haka Batula ta riƙa bin tsiga gida gida da littafi a hammata, hannun ya warke ma ba wanda ya yarda ta taɓa gyaɗa.

Da ta gaya min, na rufe shago na hau mota. Na zauna a cikinsu na ga abin da idona, sannan na ba ta shawara biyu, kuma ina so a rubuta cewa nawa ne. Na ɗaya, kullum ta tsaya a inda ya fi tsanani, ko an kira la'asar ko ba a kira ba. Na biyu, ta bar ni in ɗauki muryarta a waya.

Ta ce, "Wato ɗanɗano, irin na ƙuli. A gutsura maka kaɗan, in ya yi maka ka sayi ƙulli."

"Ashe dai kina da kai."

"Da ba ni da shi da ke kika rubuta."

Na riƙa tura karatun a zaurukan Watsaf na matan Gaya da na Ajingi, guntu guntu, in yanke shi a inda rai yake tashi. Masu gajen haƙuri suka kasa jira. A Toranke aka fara sauko da littafi daga saman bango, aka ciro shi daga cikin farantai, aka yage leda. Wadda ta iya karatu ta karanta, wadda ba ta iya ba ta zaunar da 'yarta ko jikarta. Na ga kwafin gidan Inna daga baya, bangon ya naɗe, akwai shatar miyar kuka a shafi na tsakiya. Batula ta riƙe shi tana kallo kamar an ba ta kujerar Makka.

Hanne kuwa har gida ta zo, ko sallama ba ta gama ba ta ce, "Yaya Batula, kin ci amanata! Na karanta tun daga farko har inda ya sami ƙanin nasa, ina ta jiran jaki!" Aka yi dariya har da hawaye. Don ta wanke kanta sai ta karɓi harkar sayarwa daga hannun yayanta, kuma Hanne irin matan nan ne da za su iya karɓar kuɗi a hannun limami ba su ƙifta ido ba. Bala mai litattafai, wanda da ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa, ya fara kirana yana tambaya ko akwai saura.

Duk wannan ya yi wa Batula daɗi, amma na lura idonta yana kan mutum ɗaya. Iya Gaji ba ta taɓa fashi ba, kullum tana gaba, amma ba ta taɓa cewa da daɗi ko babu daɗi ba. Waɗanda suka riga suka karanta ƙarshen in suka buɗe baki sai ta ɗaga musu hannu. "Kar wadda ta gaya min. Daga bakin mai shi zan ji."

Ranar da za a karanta babin ƙarshe ina wajen. Gyaɗar gidan ƙarshe ce a unguwar, mutane har kan katanga. Batula ta karanta yadda Sagiru ya sami ƙaninsa a wani gari mai nisa, ba lafiya, ba ko takalmi, ya ɗora shi a amalanke suka juyo gida. Ƙanin yana samun sauƙi a hanya, shi kuwa Sagiru zazzaɓi yana cin sa yana ɓoyewa. Suna hango rimin bakin garinsu ya ce wa ƙanin ya karɓi igiya, shi zai ɗan kishingiɗa. Ƙanin ne ya shiga gari da amalanke, yana kiran yayansa ya tashi sun iso.

Batula ta rufe littafi. Wata a bayana tana jan hanci.

Iya Gaji ta ajiye harawar da ke hannunta. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta, ta tsaya a kan Batula.

"Ke Batula. Wa ya ba ki izini?"

"Na me, Iya?"

"Mutum ya sha wannan wahalar, ya haye ruwa, ya kwana da yunwa, ya sayar da rigarsa, sai da ya hango gida sannan za ki kashe shi? Alƙalamin ba a hannunki yake ba? Taku nawa ya rage?"

"Iya, ai labari ne."

"Labari ne! Ni da nake sa shi a addu'a in na idar da sallah, za ki ce min labari ne?" Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ta tafi, ko rabonta na gyaɗa ba ta ɗauka ba.

Na kwana a Toranke. Da safe Batula ta ƙulla ƙuli mai zafi, ta ɗauki gyaɗar da tsohuwar ta bari, ta ce in raka ta ba da haƙuri. Muka tarar da Iya Gaji a tsakar gida tana watsa wa kaji tsaba. Batula ta durƙusa ta gaishe ta. Tsohuwa ta ci gaba da watsa tsabarta. Ta sake gaishe ta. Iya Gaji ta juya mata baya, ta dube ni, ni da ba ta taɓa yi wa magana ba.

"Ke 'yar Gaya. Ki gaya wa mai kashe mutanen nan ba na amsa gaisuwarta. Ki kuma gaya mata in ta sake rubuta wani, a kawo a karanta min tun kafin a kai Kano, kar ta sake yi wa wani bawan Allah irin wannan."

Ta karɓi ƙulin dai.

Muna fita zaure Batula ta kama hannuna ta matse har na ji zafi. Idonta ya cika da hawaye, bakinta kuma ya ƙi rufuwa.

"Umaima, kin gani? Fushi take yi da ni. Da gaske take fushi."

Da muka isa gida ko mayafi ba ta cire ba ta wuce gindin murhu. Ta durƙusa ta kwaso litattafan rubutun nan, ta busa tokar da ke kansu, ta goge da gefen zaninta. Na miƙa hannu in karɓa in tafi da su shago, ta maƙe kafaɗa.

"Ke kuma a wa? Sai Iya ta ji tukuna."